Ina ƙarfin ga-ruwa yake tafiya?

Tambaya: Malam, ni ɗan lakwal ne a Tawa. Mushenmu ya rubuta mana F = m × a, ya ce ƙarfi shi ke sa abu ya ƙara gudu. To ga-ruwan unguwarmu yana tura kurarsa tun daga famfo har ƙofar gidanmu, gumi sharkaf, amma tafiyar ba ta ƙaruwa. Ina ƙarfin nasa ya shiga?

Amsa: Madalla da wannan lura, ɗana. Mushenku bai yi kuskure ba, kalma ɗaya ce ta zame maka. F ƙarfi ne, m yawan kilon abu, a kuwa ƙaruwar gudu a kowace daƙiƙa. F ɗin da ke cikin wannan doka, wadda Isaac Newton na Ingila ya fitar a 1687, ba turawar ga-ruwa kaɗai ba ce. Ragowar ƙarfi ce, bayan an cire duk abin da ke ja baya. Rairayi yana riƙe tayoyi, bakin gatarin kurar ma yana guga. In ya tura da niyuton 200 (niyuton ma'aunin ƙarfi ne), waɗannan suka cinye 200, saura sifiri, sai kura ta ci gaba da tafiyar da take yi, ba ƙari ba ragi. Ya saki hannu kuwa, nan take gudun zai fara raguwa har ta tsaya.

Yanzu mu ɗora lissafi. Litar ruwa kilo guda ce. Bido 10 masu lita 25 kilo 250 ke nan, mu ce kurar kanta kilo 50, jimla 300. Wannan shi ne m. In ragowar ƙarfi niyuton 150 ce, raba da 300: kowace daƙiƙa gudun zai ƙaru da rabin mita a daƙiƙa. Ya sauke ruwan ya juyo fanko, mu ce ragowar ba ta sauya ba, 150 a raba da 50 ya ba da 3. Ninki shida! Shi ya sa za ka ga a komawa har yana ɗan tsalle.

Abin da ɗalibai suka fi mantawa, kuma ni a ganina ya fi komi amfani, shi ne rage gudu ma a ƙarƙashin dokar yake. Kamiyon da ya cika da albasar Galmi ya nufi Ƙonni, birkinsa ɗaya ne da na lokacin da yake fanko, amma m ya ninka, don haka gudun yana raguwa ne a hankali. Direban kan fara taka birki tun daga nesa, tun bai hangi kasuwa sosai ba.