Hoton ƙwaƙwalwa zai nuna dalilin saurin kai duka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hoton ƙwaƙwalwa zai bayyana abin da ke sa ƙaninka hasala nan take ya kai duka, daga baya ya dawo yana nadama. A'a, hoto shi kaɗai ba zai gaya maka ba. Abin da aka sani shi ne, sashen da ke bayan goshi ne yake taka wa mutum birki idan amigdala, wani ɗan sashe na cikin ƙwaƙwalwa mai lura da barazana, ta ɗauki zafi. A 1997 wani masani mai suna Adrian Raine da abokan aikinsa sun ɗauki hoton PET, mai nuna yadda sassan ƙwaƙwalwa ke aiki, na mutum 41 da ake tuhuma da kisan kai a Amurka, suka ga aikin wannan sashe ya yi ƙasa da na waɗanda aka gwada su da su. Sai dai bambancin na rukuni ne. Akwai masu irin wannan hoto da ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba.

Inda zan ce ku hanzarta shi ne idan halin sabo ne. Na ga mai haƙuri da ya koma mafaɗaci bayan ya bugu a ka. In hakan ya faru da ƙaninka, ko yana fama da ciwon kai mai tsanani, farfaɗiya ko mantuwa, ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, shi zai ga ko a yi MRI, wato hoton da ke nuna siffar cikin ƙwaƙwalwa. In kuwa tun ƙuruciya haka yake, likita zai fi tambayar barcinsa, shaye-shaye da abin da ke tunzura shi.