Me ya sa suke shan ruwan rijiyar da aka ce akwai guba?

Tambaya: Malam, na ji a rediyo cewa a Bangladesh akwai rijiyoyin da hukuma ta shafa wa jan fenti saboda gubar asenik, amma har yau wasu na sha. Wannan ba ganganci ba ne?

Amsa: Malama, kafin mu ce ganganci, mu duba yadda aka yi rijiyoyin nan suka samu. A da, mutanen karkarar Bangladesh ruwan tafki da na kogi suke sha, kwalara da gudawa na ta kashe musu yara. Tun daga shekarun 1970 gwamnati da UNICEF suka dage wajen haƙa rijiyoyin tuƙa-tuƙa, aka yi ta yekuwa cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ne mai tsabta. Mutane suka yarda, mutuwar yara kuma ta ragu, kowa ya gani da idonsa. Sai a 1993 aka tabbatar da asenik a rijiyoyin yankin Chapai Nawabganj. To, uwar da aka shekara ashirin ana ce mata famfo ne ceton ɗanta, yaya za ta ji ranar da aka dawo aka ce famfon ne ke cutar da shi?

Ba wanda ya zuba gubar. Tana cikin laka da rairayin da kogunan Ganges da Brahmaputra suka kwaso daga tsaunukan Himalaya, maƙale da tsatsar ƙarfe. A can ƙasa inda babu iska, tsatsar kan narke ta sake ta cikin ruwa.

Babbar matsalar ita ce asenik ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ruwan garai-garai yake, ga sanyi. Mutum kuwa da ido da harshe yake auna ruwa. Har ma akan samu wanda zai guji rijiya mai lafiya don ruwanta na ɗanɗanon ƙarfe ko yana ɓata tufa, ya koma wa mai guba don ta fi daɗin sha. Tafasawa kuma, wadda aka koya wa kowa, ba ta fitar da shi. Ruwan ne ke ƙonewa, gubar na nan.

Ga kuma jinkiri. Kwalara kwana ɗaya take kayar da mutum, asenik kuwa sai an shekara biyar ko goma ana sha kafin baƙaƙen tabo su fito a jiki, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta. Sankarar fata, ta huhu da ta mafitsara sai daga baya. Da tabon ya fara bayyana, da yawa suka ɗauka kuturta ce. An ƙaurace wa masu shi, an saki mata, 'yan mata sun rasa manema, alhali ba a ɗaukarsa daga jikin wani. Wannan ya sa wasu ke ɓoye ciwon, wasu ma ba sa son a ga jan fenti a ƙofar gidansu.

Shi kansa fentin, a ganina, yana da nasa aibin. Koren fenti, wanda ake shafa wa rijiyar da aka ce mai lafiya ce, yana nufin asenik ɗin da ke cikin ruwan bai wuce maikurogiram 50 a lita ba (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), ma'aunin Bangladesh ke nan, na Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa 10 ne. Kenan rijiya na iya zama koriya ba tare da ta kuɓuta ba. Fenti kuma kan koɗe, sababbin rijiyoyi da dama ba a taɓa gwada su ba.

Duk da haka iyalai masu yawa sun sauya, musamman inda rijiya mai lafiya ke kusa, domin rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya kan bambanta ƙwarai. Masu zurfin da ya wuce mita 150 galibi sun fi aminci, sai dai tsada. Inda koriyar ke cikin gidan wani, mace ce za ta yi ta sallama da tulu kullum, wani lokaci a gidan da ba sa ga-maciji da mijinta.