Yadda ake gane giyar inabin da za ta iya jira

Ɗana, ka ce an buɗe mana kwalba biyu na jar giyar inabi, mai arahar ta wuce maƙogwaro sumul, ta Bordeaux mai tsadar kuwa ta ɗaure maka baki da bauri, amma na ce ta biyun ce mai daraja, a mayar da sauran katan ɗin sito ya ƙara shekaru. Kana so ka san ta ina na gane gyaruwa za ta yi, ba lalacewa ba.

Harshenka bai yi maka ƙarya ba. Mai arahar ta fi daɗin sha yau, don an yi ta ne a shanye cikin shekara biyu ko uku, kuma akasarin giyar inabin duniya haka take. In ka ajiye ta shekara goma, lami za ta yi. Daɗewa ba ta ƙara wa giya abin da ba ta zo da shi daga gona ba. Saboda haka in aka miƙo maka sabuwa, abin da kake nema shi ne ko tana da ƙashin da zai ɗauke ta zuwa gaba.

Sai ka fara sanin abin da aka haɗa a ciki. Kwalbar mai tsadar nan daga Médoc take, wani ɓangare na yankin Bordeaux, a gaɓar hagu ta ruwan Gironde a Faransa, inda ƙasar tsakuwa ce, kuma inabin da ya fi yawa a haɗinsu shi ne Cabernet Sauvignon. 'Ya'yansa ƙanana ne, fatarsu da kauri, kuma daga fatar da ƙwallon ne baurin nan yake fitowa, wanda ake kira tanin. Shi kaɗai yakan yi tsauri, shi ya sa ake sirka shi da Merlot, wanda yake riga shi nuna, ya fi shi laushi da cika baki. A tsallaken ruwa, wajen Saint-Émilion da Pomerol masu ƙasar yumɓu, Merlot ɗin ne babba. Ana ƙara Cabernet Franc don ƙamshi, da ɗan Petit Verdot kaɗan don launi. Ma'aunin haɗin ba ya zama ɗaya kowace shekara, ya danganta da wanda damina da rana suka yi wa kyau. Daga nan giyar ta kwana a gangar itacen oak mai cin lita 225, wato kwalba 300, kusan shekara ɗaya da rabi, itacen ma ya ƙara mata nasa baurin da ƙamshi.

To, ga yadda za ka ɗanɗana. Kurɓi kaɗan, ka zagaya da ita ko'ina cikin baki har ta taɓa dasashi, ka tofar, sannan ka yi shiru. Yawancin masu koyo a nan suke gaggawa, suna tofarwa suna magana. Abin da ya faru a bakinka bayan ka tofar shi ne rabin hukuncin.

Bauri iri biyu ne, kuma raba su shi ne abin da na fi so ka ƙware a kai. Akwai wanda yake kama dasashi da ƙarfi amma lallausa ne, ya shimfiɗu ko'ina daidai, kuma in ka jira za ka ji ɗanɗanon 'ya'yan itace yana tasowa daga bayansa. Wannan na inabin da ya nuna sosai ne, shekaru za su tausasa shi, kamar yadda sabon goro yake da kaifi amma in ya zama daushe sai ya kwanta a baki. Akwai kuma mai kaushi, wanda yake kartar harshe ya bar ɗaci a can baya, sau da yawa tare da warin ɗanyen tattasai mai ƙarfi a hanci. Wannan an tsinke inabin bai gama nuna ba. Ko shekara ashirin ya yi, ɗanyantakar nan tana nan, sai dai ma ta ƙara fitowa fili idan ɗanɗanon 'ya'yan ya janye. Na Bordeaux ɗin nan irin na farko ne.

Bayan bauri sai tsami. In yawu ya taru a gefen harshenka bayan ka tofar, tana da tsamin da zai hana ta mutuwa da wuri. Sai kuma tsawon ɗanɗano: ƙirga a zuci har ya ɓace. Mai arahar kafin ka ajiye kofi ta tafi, ɗayar kuwa tana nan kusan rabin minti. In bauri da tsami da 'ya'yan itace suka yi kai ɗaya, babu wanda ya danne wani, barasar kuma ba ta ƙona maƙogwaro, to wannan giya ta cancanci jira.

Kada ka ɗauka ko manyan masana suna gane wannan a zama ɗaya. A 1976 wani Bature ɗan Ingila mai sayar da giya, Steven Spurrier, ya shirya gasa a Paris, alƙalan Faransa suka ɗanɗana ba tare da ganin sunan kwalba ba. A ɓangaren ja, giyar Stag's Leap ta 1973 daga Kalifoniya ta Amurka ce ta zo ta ɗaya, ta doke manyan gidajen Bordeaux. Wata 'yar Kalifoniyar, Ridge Monte Bello ta 1971, ta biyar ta zo. Da aka maimaita gasar da giya iri ɗaya a 2006, bayan shekara 30, ita wannan ta biyar ɗin ce ta hau kan gaba. A ganina wannan labari ya fi kowane koya wa mai ɗanɗano haƙuri.

Idan giya ta fara tsufa, ido ne yake fara ba ka labari. Karkata kofin a kan farin ƙyallen tebur ka duba bakin ruwan. Sabuwa ja ce wur mai sirkin shuni har gefe. Da shekaru sai gefen ya koma launin jan bulo, ya yi haske, gari-gari kuma ya kwanta a gindin kwalba, wanda ba aibi ba ne. A hanci ma ƙamshin 'ya'yan itace yana ja da baya, na jemammiyar fata da busasshen ganyen taba da jiƙaƙƙiyar ƙasa su fito. Lokacin da na fi so a buɗe ta shi ne sa'ad da ake jin duka biyun tare. In ka ji 'ya'yan sun tafi gaba ɗaya, saura tsami da bushewar baki, an makara. Wani abu kuma: 'yan shekaru bayan an ɗura ta a kwalba, irin wannan giya takan rufe, ka shinshina ka ji kamar babu komai. Kada ka yanke mata hukunci a lokacin, takan sake buɗewa.

Shekarar da ke jikin kwalba ta girbi ce, ka riƙa dubawa. A Bordeaux 2009 da 2010 da 2016 sun yi kyau ƙwarai, 2013 kuwa ruwan sama da sanyi sun wahalar da manoma, giyarta ba ta dogon jira ba ce.

Duk wannan lissafin yana rushewa in zafi ya taɓa kwalba, kuma a ƙasarmu wannan shi ne babban abokin gaba. Wurin ajiya yana son sanyin digiri 12 zuwa 14 a ma'aunin Celsius, ba hawa da sauka, ba haske, kwalba a kwance don kada matoshinta ya bushe. Kwantenar da ta yi makonni a rana a tashar jirgin ruwa, ko siton da ake ɗauke wa wuta kullum, sun isa su dafa giyar shekara ashirin cikin wata guda. Kafin ka karɓi kaya, shafa saman kwalba: in matoshin ya turo, ko ka ga sawun ɗanko ya gangaro ta wuya, mayar. In kuma ka buɗe ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, matoshin ne ya ɓata ta, kada ta kai teburin baƙo.

Sayi ƙaramin littafi. Duk sa'ad da aka buɗe kwalba daga katan ɗin nan, rubuta kwanan wata da launin gefe da abin da hanci ya ji da yadda baurin yake, don baɗi ka sami abin gwadawa. Tsohuwar kwalba kuma, in an ce gobe za a sha, tsayar da ita tun yau garin ya sauka ƙasa. Gobe ka tsiyaye ta a hankali cikin tulun gilashi, da tocila a ƙarƙashin wuyanta, da ka ga duhun ya iso wuya sai ka tsaya.