Tambaya da Amsa: Neman Masaukin da Babur ɗin Ƙanƙara Zai Tashi Daga Ƙofarsa

Wasiƙun wannan fitowa duk daga Zariya suka zo, kuma duk a kan abu ɗaya: masu shirin tafiya ƙasashen sanyi da ke son hawa babur ɗin dusar ƙanƙara, wanda mutanen Kanada kan kira da sunan Ski-Doo, samfurin da kamfanin Bombardier ya fara sayarwa a 1959. Maimakon tayoyi, takalman sulɓi biyu ne a gabansa, bayansa kuma faffadan bel na roba mai haƙora.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malami ne a Samaru, zan yi wata uku ina bincike a lardin Ontariyo na Kanada daga Janairu. Abokan aikina na can sun shirya mu yi kwana uku muna hawa wannan babur, sun kuma ɗora mini neman masauki. Kowane otal na duba sai na ga ya ce yana kusa da hanyar baburan. Yaya zan gane na gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kalmar "kusa" ita ce ke cutar baƙo. Otal yana iya zama mita 800 daga hanyar, mai shi bai yi ƙarya ba, amma idan waɗannan mita 800 kwalta ce da aka share aka zuba mata gishiri, to a wajen wannan babur daidai take da kogi ba gada.

Ga dalili. A ƙarƙashin kowane takalmin gaba akwai siririn ƙarfe mai tauri da ke kama ƙanƙara, shi ne ke sa kan babur ya juya. Kwalta na cinye shi, daga nan sai ka murɗa kai babur ya ci gaba da tafiya sak. A cikin bel ɗin baya kuma akwai dogayen robobi masu tauri da bel ke gogawa a kansu, dusar ƙanƙara ce man shafawarsu. Babu ita, sai su yi zafi su fara narkewa. Na uku, yawancin baburan yanzu ruwa ke sanyaya injinsu, ruwan kuwa yana hucewa ne da ƙanƙarar da bel ke watsawa ƙarƙashin mazauni. Kan busasshen titi fitilar zafi za ta kama cikin ɗan lokaci. Duk wannan ɓarna ce da mai haya zai cira daga kuɗin ajiyarka.

Saboda haka kada ka tambayi nisa. Rubuta wa masaukin ka ce: "Zan iya tayar da babur daga filin ajiyarku in hau hanya ba tare da na taka kwalta ba? Mece ce lambar hanyar? Wace ƙungiya ce ke gyara reshen da ya shigo wurinku?" Wanda ya saba da mahaya zai ba ka lamba nan take. Wanda ya tsaya kame-kame, bar shi.

Da ka sami lambar, sai ka gwada ta da taswira. Hanyoyin Ontariyo, kimanin kilomita 30,000, suna hannun tarayyar ƙungiyoyin mahaya ta OFSC, kuma tana da taswira a intanet mai launi uku: kore hanya a buɗe, rawaya a buɗe amma da matsala, ja a rufe. Nemo masaukin a kai, ka ga ko layi ya isa ƙofarsa. Abin da muke so ka fi lura da shi, Malam, shi ne yawan hanyoyin da ke fita daga garin. Yawancinsu sun ratsa gonaki da dazuzzukan mutane ne bisa izinin masu su, kuma gari mai hanya ɗaya tak, ranar da aka rufe ta tafiyarku ta ƙare. Mahaɗa mai hanya uku ko huɗu, irin North Bay ko Cochrane, ta fi ƙauye mai kyan gani a ƙarshen reshe. Hawa titunan cikin gari kuma dokar kowace ƙaramar hukuma ce, wata ta yarda a wasu tituna, wata ta hana, don haka a tambaya.

Sai mai. Tankin babur bai cika wuce lita 40 ba. Ku lissafa kamar ba zai kai ku fiye da kilomita 150 ba, wato kamar Zariya zuwa Kano, domin sabuwar dusa mai laushi da ɗaukar mutum biyu suna shan mai sosai. A tabbatar akwai gidan mai da babur ke iya shiga kusa da masauki, a kuma san ƙarfe nawa yake rufewa. Na ƙauyukan arewa da yawa ba sa kai dare.

Akwai ƙananan abubuwa da ke raba masaukin mahaya da otal kawai. Wurin ajiye babura mai ƙofa ko fitila da kyamara, don ana satarsu. Soket a filin ajiye motoci, na jona abin ɗumama injin mota, domin sanyin dare a arewacin Ontariyo na kaiwa digiri 30 ƙasa da sifiri. Ɗakin shanya kaya, wanda mu muke ganin ya fi talabijin da wurin ninƙaya amfani: safar hannu da takalmin da suka kwana da danshi su ne ke jawo ƙunar sanyi a yatsu washegari. Kicin da ke buɗewa da sassafe. Ka kuma tambayi mai haya ko takardar izinin OFSC na manne a jikin baburan, don ba a hawa hanyar babu ita. Iyakar gudu a kanta kilomita 50 ne a awa. Da tsayawa da cin abinci, sabon mahayi ya yi kilomita 100 a yini ya yi ƙoƙari.

TAMBAYA: Ɗana yana karatu a Mishigan ta Amurka, za mu kai masa ziyara ni da ƙannensa biyu a hutun Disamba. Ya samo wani gidan katako a bakin tabki, mai shi ya ce daga ƙofa sai a bi ta kan tabkin a hau hanya, amma sai an biya duka kuɗin yanzu. Hankalina bai kwanta ba. (Wata uwa daga Tudun Wada)

AMSA: Hajiya, gaskiyarki da hankalinki bai kwanta ba. Gidan da hanyarsa ɗaya ce, ta kan tabki, ba gidan Disamba ba ne. Ma'aunin da hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minesota a Amurka ke bayarwa shi ne inci 5 zuwa 7 na sabuwar ƙanƙara garau kafin babur ya hau, wato santimita 13 zuwa 18, idan kuwa fara ce mai gauraye da dusa sai an ninka. A farkon hunturu manyan tabkuna da yawa ba su kai haka ba, kuma kaurin ba ɗaya ba ne ko'ina: bakin rafi, ƙarƙashin gada da duk inda ruwa ke gudana a ƙasa sun fi sirantaka, ga dusa ta lulluɓe ba a gani. Ki ce wa yaron ya nemi gidan da ke da hanya ta tudu.

Game da lokaci, hanyoyin gwamnatin Mishigan na buɗewa ne daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris, amma kwanan wata ba ya saukar da dusa. Inda aka fi samun tabbas shi ne yankin arewa da ke gaɓar tabkin Superior, wajen Munising ko Houghton, saboda iskar da ke ratso tabkin na kwaso danshi ta zube shi a gaɓa. Yankin Keweenaw, wanda ya kutsa cikin tabkin, na samun dusa sama da mita 5 a shekara. Duk da haka Janairu da Fabrairu sun fi Disamba aminci.

Kuɗi kuma, kada a biya duka sai an ga sharaɗin fasawa a rubuce: idan hanya na rufe ranar zuwa, za a mayar da kuɗi ko a ɗaga rana? Makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara ɗakuna kan ƙare da wuri, shi ya sa masu gidaje ke tsaurara sharaɗi. Tunda da yara, a tambayi mai haya ƙarancin shekarun da yake yarda a goya, a kama babur mai kujera biyu da maƙallan hannu. A gidan katako kuma a duba na'urar gargaɗin iskar gas mai guba, a kuma tambaya wa ke share hanyar mota zuwa ƙofa.

TAMBAYA: Zan je taro Finlan, ina so in ƙara kwana biyu a Lapland, yankin arewacin ƙasar. Lasina na Najeriya zai yi? Kuma dole ne in sauka a bakin hanyar baburan? (Wani matashi daga Sabon Gari)

AMSA: Ɗan'uwa, naka ya fi sauƙi. A garuruwan Lapland irin su Rovaniemi, Levi da Saariselkä yawancin baƙi da ɗan jagora suke fita, kamfani ne ke ba da babur da hular kwano da rigar sanyi da takalmi, sau da yawa har ya ɗauko mutum daga masauki. Don haka ka fara zaɓar kamfani, ka tambayi wuraren da motarsu ke tsayawa, sannan ka kama ɗaki a ɗaya daga cikinsu.

Kamfanonin na neman lasin mota mai aiki, katin kansa a hannu, hoto a waya ba ya wadatarwa. Ka nemi lasin ƙasa da ƙasa kafin ka tashi, ka tura musu hoton duka biyun, su amsa maka a rubuce. Ka kuma tambayi kuɗin da ke wuyanka idan babur ya lalace, yakan kai ɗaruruwan yuro, ka tabbatar katin bankinka zai iya ɗauka. Gudu a hanyar tudu bai wuce kilomita 60 a awa ba. Idan kana da zaɓi, je a Maris: a ƙarshen Disamba hasken rana a Rovaniemi awa biyu ne da 'yan mintuna, a Maris kuwa ya kusa awa 12 kuma dusa ta yi kauri.

Malamin Samaru ya ƙara da tambayar salla da abinci a ƙasan wasiƙarsa. Malam, ɗaki mai ɗan kicin ya fi muku, domin a ƙananan garuruwan nan naman halal sai an yi guzurinsa daga birni, kuma wake da miyar gidajen abinci kan zo da naman alade a ciki, sai an tambaya. Yinin hunturu gajere ne, azahar da la'asar duk a hanya za su same ku. Ku yi alwala a masauki kafin fita, ku duba taswira ku sa tsayawarku ta rana ta faɗo a gidan abinci ko bukkar ɗumi ta ƙungiya, inda za a iya cire safar hannu a sabunta alwala da ruwan ɗumi. A busar da hannu da fuska sarai kafin a sake fita.