Final Fantasy VI da aka yi wa kwaskwarima: ya ci kuɗinsa kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Yayana ya ishe ni da labarin wani wasan bidiyo na Japan, Final Fantasy VI, wai ba a taɓa yin kamarsa ba. Na duba a wayata na ga akwai wanda aka sabunta, mai suna Pixel Remaster, amma na kuɗi ne, kuma hotunansa kamar na zamanin da. Ni ƙwallo da harbe-harbe na saba bugawa. Mene ne daɗinsa, kuma ina aibinsa, kafin in cire kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yayanka yana da gaskiya, sai dai ka san halin mai tuna ƙuruciya: daɗin yake tunawa, wahalar kuwa ya manta da ita.

Kamfanin Square ne ya fitar da wasan a 1994 a na'urar Super Famicom, kuma a Amurka an sayar da shi da sunan Final Fantasy III, saboda wasu daga cikin na baya ba su je can ba. Sabon gyaran da ka gani ya fito a watan Fabrairun 2022 a waya da kwamfuta, sannan ya je Switch da PlayStation 4 a Afrilun 2023. Ba sabon wasa ba ne. Tsohon gidan ne aka yi wa yaɓe da fenti, ɗakunan suna nan yadda suke.

Ka fara sanin cewa saurin yatsa ba ya aiki sosai a nan. A fagen faɗa kowane ɗan tawagarka yana da ma'auni da ke cika a hankali. Idan ya cika, sai ka zaɓa masa abin da zai yi: ya kai sara, ya yi sihiri, ko ya ba wani magani. Dodon ma yana jiran nasa lokacin. Tsakanin faɗa da faɗa kuwa karatu ne da yawo gari-gari. Ba a fassara shi da Hausa ba, don haka sai kana jin Turanci ko Faransanci, ko wani yaren da aka saka, in ba haka ba rabin daɗin ya wuce ka.

To ina daɗin? Labarin ne da mutanen cikinsa. Jarumai goma sha huɗu ake iya sarrafawa, kuma ba a naɗa wa ɗaya rawani an bar sauran a matsayin 'yan rakiya ba. Akwai Terra, yarinyar da daula ta mayar makami ta hanyar toshe mata tunani. Akwai Cyan, wanda aka zuba wa garinsu guba a ruwa ya rasa mata da ɗa. Akwai Sabin da ya bar wa ɗan'uwansa sarauta ya tafi koyon dambe. Mugun kuwa, Kefka, da farko kamar wawan sarki ne mai dariyar ƙeta, kana raina shi har sai ya yi abin da ya juya wasan gaba ɗaya a tsakiyarsa. Ba zan ɓata maka ba. Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne, 'yan hotunan nan da ba su kai girman ƙwayar gyaɗa ba, da sunkuyar da kai da ƙifta ido kawai suke sa mutum ya ji tausayi.

Kiɗan Nobuo Uematsu ne, kuma a nan ne gyaran ya fi yin rawar gani. An sake tsara kiɗe-kiɗen a ƙarƙashin kulawarsa, suka cika kunne. Shahararren wurin nan da wata jaruma mai suna Celes ke waƙa a dandalin opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, wanda a 1994 na'ura ce ke kwaikwayon muryar mutum da wani irin gurnani, yanzu mawaƙa ne na gaske suka rera, cikin harsuna bakwai. Hotunan jaruman ma Kazuko Shibuya, wadda ta daɗe tana zana su tun farkon jerin wasannin, tana cikin waɗanda suka sake su. An ƙara taswira, da ajiye wasa cikin sauƙi, da faɗa mai tafiyar da kansa. Dabarun Sabin, da a da sai ka haddace jerin maɓallan, yanzu ana nuna maka su.

Aibin kuma akwai shi. Na farko da kowa ya yi kuka da shi rubutun ne: siriri, matsattse, bai dace da hotunan ba, a waya kuma yana gajiyar da ido. Daga baya an ƙara wani salon rubutu irin na da, tare da damar komawa tsohon kiɗan, to ka shiga saiti ka canza tun farko. Na biyu, wannan ba shi ne cikakken kwafi ba. Wanda ya fito a na'urar hannu ta Game Boy Advance a 2006 yana da ƙarin kogon dodanni da ƙarin halittun sihiri huɗu, duk ba a kawo su nan ba. Kai da ba ka taɓa bugawa ba, ba za ka ji rashinsu ba. Yayanka ne zai yi tsaki. Launukan ma an ɗan haska su, alhali an zana na asali ne don tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, wadda ke narkar da gefen hoto ta ba shi duhu-duhu. Wasu wuraren da ya kamata su yi ban tsoro sun fito tas kamar an wanke su.

Amma babban aibin ba na masu gyara ba ne, tsufa ne. Kana tafiya a fili babu kowa, taku kaɗan sai allo ya juya, dodo ya tare ka. Sau ɗari, sau dubu. Sannan da zarar ka samu duwatsun da ke koyar da sihiri, kowa zai iya koyon kusan komai, sai bambancin jaruman ya fara dusashewa, ƙarshen wasan ya koma kowa na jefa sihiri mafi ƙarfi. Kashi na biyu na wasan kuma yana sakinka ba jagora, ka nemo mutanenka ɗaya bayan ɗaya. Wasu nan suka fi so, wasu nan suke ajiye shi.

Maganin da aka kawo shi ne maɓallin kashe faɗan bazata, da na ninka ladan faɗa har sau huɗu. A ganina nan tarkon yake. In ka kunna su tun daga farko, manyan abokan gaba za su riƙa faɗuwa da sara biyu, kuma labarin da aka gina a kan wahala ya zama kallo kawai. Ni dai ina kashe faɗan ne idan na koma kogon da na riga na gama, ba a sabon wuri ba.

In da ƙananan yara a gida, ka sani akwai sihiri daga farko har ƙarshe, da mugun da ke da'awar allantaka, da wurin da wata ta yanke ƙauna da rayuwa.

Sau ɗaya ake biya, babu talla, babu sayen wani abu a ciki, kuma zai ɗauke ka wajen sa'a talatin da biyar zuwa arba'in. In kana iya zama da dogon littafi, ka saya. In kana da kwamfuta ko Switch, ya fi daɗi a can fiye da shafa gilashin waya. In kuwa minti goma kake nema kafin a kira sallah, ka tsaya a ƙwallonka, ko ka fara aron na yayanka ka buga har zuwa garin Figaro da ke farkon wasan tukuna.