Shekara shida ina aiki a Jidda, amma ban ga inda na matsa ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a wani kamfani a Jidda, shekara shida ke nan. Duk aikin ƙarin lokaci da aka ba ni ina karɓa domin in riƙa aika kuɗi Kano, inda iyalina da iyayena suke. Albashina yana nan yadda yake, jikina ya fara gazawa, Umra ma sai in shekara ban yi ba. Yaya zan ci gaba a sana'ata ba tare da aiki ya cinye rayuwata ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa nemanka albarka. A ganina matsalar tana cikin ƙarin lokacin da kake karɓa, domin sa'o'in da kake sayarwa da yamma su ne ya kamata ka kashe wajen koyon abin da zai ɗaga darajar aikinka na rana.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ƙayyade aiki sa'a 8 a rana ko 48 a mako, a watan Ramadan kuma sa'a 6 a rana ga Musulmi. Abin da ya haura haka ana biyansa da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na asalin albashi, kuma wannan ƙarin ne yake ruɗin mutane da yawa, sai su ga kuɗi a hannu ƙarshen wata, su manta cewa asalin albashin bai motsa ba. Ga shi kuwa kuɗin sallama da za a ba ka ranar barin aiki da albashinka na ƙarshe ake lissafa shi: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka.

Saboda haka ka ware dare biyu a mako waɗanda ba za ka karɓi aiki ba. Tun 2021 Ma'aikatar Ƙwadago take gudanar da jarrabawar tantance masu sana'ar hannu, har da masu gyaran sanyi da lantarki, kuma takardar shaida tana ba mutum bakin magana a gaban mai kamfani. Ka koyi aikin manyan na'urorin da ke sanyaya otal-otal da asibitoci, domin masu gyaran na'urorin gidaje sun yi yawa. Ka kuma gyara Larabcinka na rubutu, saboda da wuya a ɗora wanda bai iya rubuta rahoto ba a kan wasu ma'aikata, komai ƙwarewarsa. Idan bayan haka kamfanin bai duba ka ba, sauyin dokar da ya fara aiki a watan Maris na 2021 ya sauƙaƙa wa ma'aikatan kamfanoni komawa wani wurin ta manhajar Qiwa ta Ma'aikatar Ƙwadago, amma ka karanta kwantiraginka tukuna, domin wanda ya ajiye aiki da kansa tsakanin shekara 5 zuwa 10 kashi biyu cikin uku na kuɗin sallama yake samu.

Batun gida shi ne mafi nauyi, kuma na san kunya take hana mutanenmu faɗin gaskiya. Ka gaya wa mahaifanka da maiɗakinka adadin da za ka iya aikawa kowane wata da dalilin ragewar na ɗan lokaci. Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma haka, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Tunda ka cika shekara biyar a jere, hutunka na shekara ya tashi daga kwana 21 zuwa 30, don haka ka tafi Kano ka yi shi tare da 'ya'yanka. Makka kuwa kusan kilomita 80 ce daga Jidda, ranar hutunka ta mako ta ishe ka Umra ka dawo.