Tambaya da Amsa: Suwan ya bi yarona da gudu, hatsari ne?

Tambaya: Malam, a jihar Mishigan ta Amurka nake zaune, akwai tafki a bayan gidanmu. Yarana kan kai wa fararen tsuntsayen ruwan nan masu dogon wuya da ake kira suwan burodi. Jiya ɗaya ya bi autana yana huci, har yanzu gabana faɗuwa yake. Kuma an ce hukuma na lalata ƙwansu. Ba zalunci ba ne?

Amsa: Hajiya, ki duba bakinsa. In ruwan lemo ne da baƙin ƙululu a gindin bakin, suwan bebe ne, baƙo daga Turai da aka kawo Amurka don ƙawata lambunan masu kuɗi. 'Yan uwansa na asalin ƙasar baƙin baki gare su. Suwan bebe biyu aka kawo Mishigan a 1919, a 2010 sun kai wajen 15,500. Kowanne na iya cin sama da kilo 3 na ciyawar ƙarƙashin ruwa a rana, ban da wadda yake tumɓukewa ya bari, kuma ita ce mafakar ƙananan kifaye da abincin agwagin daji. Shi ya sa hukuma ke rage yawansu. Ƙwan kuwa, man masara ake shafa masa don kada ya ƙyanƙyashe, a bar wa macen shi ta ci gaba da kwanci. In aka kwashe, wani za ta saka.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne burodin nan. Kullum sai na ji an ce ai ya saba da mu, ba ya komai. Sabo da me? Mutane sun ji an ce bebe, sun ga fari fat, sun ɗauka agwagwar gida ce. Namijin kan wuce kilo 10, da gwiwar fiffike yake duka, kuma daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin sheƙa da 'yan tsaki, bai san wanda ya ciyar da shi jiya ba. Burodin ma shi ya cire masa tsoron mutum. A 2012 a jihar Ilinoi wani suwan ya kifar da ɗan kwale-kwalen wani mutum, mutumin ya nutse. Babba ke nan, ina ga yaro? Masu cika Facebook da hotuna suna zagin ma'aikatan daji ba su taɓa tsayawa kusa da sheƙa ba.

Ki hana yaran bakin tafkin har lokacin sheƙa da 'yan tsakin ya wuce, a daina kai burodi, ki sanar da hukumar albarkatun ƙasa ta jihar. Kada maigida ya taɓa sheƙar da kansa, sai da izini.